Katakon da na matsar daga jikin bango

Akwai abin da ya faru a lungunmu na Ƙofar Durbi wanda na san ba zai fita daga raina ba har ranar da za a kai ni makwancina. Shekaru sun shuɗe, lambatun da abin ya faru a kansa har murfinsa ya fara tsattsagewa, amma duk ranar da na taka wurin sai gabana ya faɗi.

Bari in fara da halina, don shi ne tushen labarin. Ni mutum ne mai wasiwasi. Idan na rufe tiredata na kama hanyar gida, sai na koma na jijjiga kwaɗon sau biyu, wani lokaci sau uku. Idan na auna wa mace sukari, tana fita zan fara tunanin ko na tauye mata awo. Karatuna bai wuce firamare ba, amma abin da na riƙe daga malamai shi ne haƙƙin mutane abu ne mai nauyi. 'Yan lungu suna kirana sarkin dube-dube, ni kuwa ban taɓa jin haushi ba. A lokacin gani nake yawan dubawa shi ne tsoron Allah.

Lungun namu ba ya ɓullewa. Ta baki ɗaya ake shiga, ta nan ake fita, kuma ƙunci gare shi, kurar 'yan garuwa biyu ba sa giftawa a ciki. Kowace damina ruwa yana taruwa ya shiga zaurukan mutane. A shekarar da nake ba da labari, mai unguwa ya tara magidanta aka yanke shawarar a gina lambatu kafin ruwa ya zauna sosai. Magina suka zo suka duba, suka ce akwai wuri ɗaya da dole ramin ya ratsa lungun daga wannan bango zuwa wancan kafin ya haɗu da babbar kwatar bakin titi. Wurin kuwa daidai gaban tiredata ne.

Mai unguwa ya ce, "To, wa za ya kula mana da wurin tsallakawa har a rufe?"

Wani maƙwabcina, tela, ya nuna ni yana dariya ya ce, "Ga sarkin dube-dube nan zaune. Ko kaza ta zo ƙetarewa sai ya tambaye ta lahiyar ƙafarta."

Aka yi ta dariya, ni ma na yi. Amma a raina na ji daɗi, domin karo na farko ke nan da halin nan nawa ya zama abin nema.

Tun kafin a sa diga a ƙasa, mutum ɗaya ne a raina. Wani dattijo ne da ke gidan ƙarshe na lungun, kowa Baba yake ce masa. Baduku ne a da, ya yi suna wajen ɗinkin takalma da jakunkuna, sai ciwon ido ya kama shi har ganinsa ya tafi gaba ɗaya. Duk da haka salloli biyar ba ya rasa su a masallacin bakin lungu, kuma shi kaɗai yake zuwa. Hannun hagu a jikin bango, sanda a hannun dama. Ya san kowane tudu da kowane kwari. 'Ya'yansa sun yi sun yi a riƙa raka shi, ya ƙi. Yakan ce, "Ranar da na fara jiran wani kafin in tahi masallaci, ranar na tsufa." Wannan tafiyar ita ce abin da ya rage masa na ƙashin kansa, kowa kuma ya san haka.

Da aka haƙa ramin, zurfinsa ya kai ƙugu, an kuma kakkafa rodi a ciki ana jiran zuba kankare. Na samo katako biyu masu kauri, na haɗa su da ƙusa ta ƙasa, na shimfiɗa su a kan ramin. Da gangan na manna su da bangon da Baba yake bi, don ya tsallaka hannunsa bai rabu da bango ba. Na hau na yi tsalle a kai, na sauka, na sake hawa. Babban maginin yana kallona ya ce, "Malam, in ka karya shi da gwaji sai mu ga abin da za a taka."

Kafin azahar na je na ɗauko Baba da kaina. Na riƙe hannunsa muka taho har inda wani bututun ruwa ya sauko a jikin bangon. Na ɗora tafinsa a kan bututun na ce, "Baba, in ka taɓa wannan, taku uku ne, na huɗu a kan katako."

Ya ƙirga da baki, "Ɗaya, biyu, ukku," ya taka, ya ɗan jijjiga ƙafa, ya ce, "To, madalla. Ashe tsoronka na da rana."

Da muka sake gwadawa sai na ga bakin sandarsa ya shige tsakanin katakan biyu ya maƙale. Nan hankalina ya tashi. Na ce, "Baba, don Allah in ka zo bututun nan ka ɗaga sandar ka sa ta a hammata. Kada ta maƙale ta kayar da kai. Ka dogara da bango kawai."

Ya ce, "An gama, malamina. Abin da ka ce shi za a yi."

Wannan shawarar tawa, har yau idan na tuna ta sai in ji bakina ya yi ɗaci.

Kwana uku Baba yana tsallakawa lafiya. Ni ne ban zauna lafiya ba. Da safe in je gidansa in yi sallama in tambaya ko katakon ya motsa da ya taka. Da rana in koma in tambaya ko bai ji santsi ba. Bayan la'asar in sake komawa in ce ko a ƙara na uku. Tun yana amsa mani da wasa har ya fara cewa, "Kai ɗan nan, ramin bai gajishe ni ba, kai ka gajishe ni." Na ɗauka raha ce irin tasa.

Rana ta huɗu aka wayi gari da ruwan sama, bai tsaya ba sai wajen hantsi. Ramin ya cika rabi, magina suka ce babu aiki sai ruwa ya tsotse, suka kwashe kayansu suka tafi. Baba ya tsallaka ya je sallar azahar ya dawo ina kallonsa. Bayan ya shige gida sai na tsuguna na leƙa ƙarƙashin katakon, kamar yadda na saba. Abin da na gani ya tsinka mani zuciya. Ruwan da ke saukowa daga bututun nan ya cinye ƙasar gefen bangon, bakin katakon bai fi faɗin tafin hannu yake zaune a kai ba, ƙasar kuma tana ta zubewa. Ko ba yau ba, gobe sai ya rufta da wani.

Ban yi kuskure ba da na matsar da shi, wannan na sani. Na kira wani ɗan garuwa ya kama mani muka ja katakon zuwa tsakiyar lungu inda ƙasa take da ƙarfi. Tsakaninsa da bango bai fi kamu biyu ba. Na kafa kara a kan tulin ƙasar da ke gefe na ɗaura masa jan ƙyalle. Na yagi kwalin sabulu na rubuta da gawayi, da irin rubutuna na ɗan firamare, cewa a bi ta tsakiya. Na gaya wa tela, na gaya wa mai wanki, na aika wa matata ta sanar da matan lungu. Har na ɗauko bulo biyu zan tare gefen bangon, sai na tsaya da su a hannu. Zuciyata ta ce idan Baba ya taho ai da su zai yi tuntuɓe. Na mayar da su. Na ma ɗauki tsintsiya na share 'yan tsakuwoyin da ke hanyarsa. Wato da hannuna na gyara masa hanya sumul har bakin rami.

Daga nan na nufi gidansa. Na tsaya a zaure na yi sallama. Matar ɗansa ce ta amsa daga bayan ƙofar ciki.

Na ce, "Sannunku da gida. Baba na kusa?"

Na ji takunta ya yi ciki ya dawo, sannan ta ce, "Malam, ya ɗan kishingiɗa."

A nan ne komai ya lalace. Mu mun taso an koya mana ba a tashin babba daga barcin rana. Ba a kuma tsayawa a zauren mutum ana doguwar magana da matar aure ta bayan ƙofa, ballantana mijinta ba ya gida. Na ji nauyin in ce a tashe shi. Na ji nauyin in ɗaga murya. Har na buɗe baki zan ba ta saƙon, sai wasiwasi ya ce mani ba za ta iya kwatanta masa daidai ba, za ta ce dama alhali hagu ne, gara in dawo in riƙe hannunsa da kaina kamar ranar farko. Duk wannan tunanin a tsaye na yi shi, cikin ɗan lokaci kaɗan.

Ta ce, "Ko akwai saƙo?"

Na ce, "A'a, babu komai. Zan dawo kafin la'asar."

Babu komai. Haka na ce mata.

Da na fito, maimakon in zauna a bakin ramin in jira, sai wata damuwar ta taso. Yanzu katako ya rabu da bango, to me Baba zai riƙe idan yana tsallakawa? Na ce lallai a yi masa madogara a gefe. Na duba rana na ga da saura, na rufe tireda, na koma na jijjiga kwaɗo, na hau acaɓa zuwa wurin masu katako. Da na ɗauki wanda aka fara miƙo mani na juyo, da na iso da lokaci. Amma na shafa shi na ji yana da sartse, na ce zai soki hannun Baba. Na biyu ya ɗan karkace. Na uku yana da tsaga a baki. Mai katakon ya gaji ya ce, "Malam, gadon amarya za ka yi ko mi?" Ina tsugune ina shafa na huɗu na ji an kira la'asar.

Ban san yadda na miƙe ba. Na san Baba ba ya jiran a gama kira, da an fara yake ɗaukar sanda. Na rungumi katakon na tare ɗan acaɓa ina ce masa ya yi sauri don girman Allah. Ni da kullum nake roƙon 'yan acaɓa su tafi a hankali.

Tun daga bakin titi na hango mutane sun cika lungun. Ɗan garuwan da ya taya ni jan katako shi ne a cikin ramin, ruwa har gwiwarsa, ya tallabo Baba. Hular Baba tana yawo a kan ruwan. Sandarsa kuwa tana nan maƙale a hammatarsa, bai sake ta ba. Ya taɓa bututu, ya ɗaga sanda, ya ƙirga uku, ya taka na huɗu, kamar yadda na koya masa. Rana tsaka, jan ƙyallena yana kaɗawa a gefe, kwalina yana nan da rubutunsa, duk mai ido ya gani.

Allah ya tsare rodin bai soke shi ba, sai dai ya yage shi a cinya. Amma ƙashin ƙugunsa ya karye. Aka fito da shi, ba ya ihu, salati kawai yake yi a hankali. Aka sa shi a motar wani maƙwabci zuwa asibiti. Ni kuwa ina tsaye da katako a kafaɗa da ƙullin ƙusa a hannu, kamar wanda aka dasa.

Babu wanda ya zarge ni. Wannan ma ya fi mani ciwo. Mai unguwa ya dafa ni ya ce, "Ƙaddara ce, ai ka yi iyakar ƙoƙarinka. Da ba ka matsar ba da wani ya rufta." Tela ya daina tsokanata. A ranar aka jera buhunan yashi a bakin ramin ta kowane gefe, aka bar ƙofa ɗaya daidai katakon, aka kuma sa magidanta suna karɓa-karɓar zama a wurin har aka zuba murfi. Abin da ya kamata a yi tun farko ke nan, kuma bai ɗauki rabin sa'a ba.

Baba ya daɗe a asibiti. Na riƙa zuwa dubiya cikin ayarin mutane, in tsaya a baya, in ce Allah ya ƙara sauƙi, in fito. Ban iya tsayawa na yi magana da shi ba. Abinci ya daina yi mani daɗi, matata ta yi ta tambaya ko ciwo nake. Da aka dawo da shi gida, ƙashin ya haɗe amma ƙafar ba ta koma daidai ba. Sai an riƙe shi ta hannu biyu yake iya fitowa zaure. Masallaci kuwa ya yi masa nisa.

Wata rana da hantsi na ga babu kowa a zauren sai shi, yana zaune a kan tabarma ya jingina da bango. Na yi sallama na durƙusa. Ya gane muryata nan take.

Ya ce, "A'a, malamina. Ka daina zuwa tambayar ko akwai santsi?"

Na kasa dariya. Na ce, "Baba, na zo neman gafara ne." Na faɗa masa komai. Yadda na matsar da katakon, yadda na mayar da bulo, yadda na zo zauren nan aka ce ya kishingiɗa na ce babu komai, har da zaɓen katako mai laushi. Ina magana hawaye yana zuba, ban ma damu da gogewa ba tunda ba gani yake ba.

Ya saurare ni har ƙarshe. Can ya ce, "Ka gama? To ni ma ka saurari nawa. Ran nan ba barci nike ba. Ina kwance ina jin sallamarka. Da yarinyar nan ta shigo ta ce mai tireda ne, ni na ce mata ta ce na kishingiɗa. Na ce wannan ya zo ne kuma da tambayar santsi. Na kasa kunne ina jira in ji ko za ka bar saƙo, sai na ji ka ce babu komi. Na juya na gyara kwanciya."

Ashe tsakanina da kunnensa bango ɗaya ne. Da na ce an matsar da katako, ko da muryar da nake magana da ita ne, da ya ji.

Ya lalubo hannuna ya riƙe ya ce, "Ka ga ni na sa an yi ƙarya, kai ka yi kunya inda ba wurinta ba. Mu yafi juna, Allah shi yafe mana. Amma zan hwaɗa maka gaskiya don ɗana kake. Ka zo mani sau goma da maganar da ba ta da amfani, ranar da ka zo da mai amfani ka haɗiye ta."

Na ce, "Haka ne, Baba."

Ya ce, "An rufe ramin?"

Na ce an rufe, an zuba murfin kankare tun daga bango har bango.

Ya ce, "Bututun na nan?"

Na ce yana nan.

Ya gyaɗa kai ya ce, "Daga shi zuwa ƙofar masallaci taku arba'in da ɗaya ne. Kada ka ga na zauna, ban manta ba."

Bai sake ƙirga su da ƙafarsa ba. Ya rayu kusan shekara biyu bayan haka, yana salla a zaune a zaure. Idan aka kira salla ina hango shi daga tireda, sai in ga hannunsa na hagu ya tashi ya dafa bango, ya ɗan jima a haka, sannan ya sauke. Na yi masa tayin in riƙa goya shi a kan babur, ya ƙi, ya ce shi ba kaya ba ne. Ranar da ya rasu ina cikin waɗanda suka ɗauki makara. Ta jikin bangon nan muka bi da shi, muka wuce bututun, na samu kaina ina ƙirgawa a zuci har muka kai ƙofar masallaci. Arba'in da ɗaya ne cif.

Katakon madogarar da na sayo yana nan a bayan tiredata, gara ta fara cinsa, na kasa yin komai da shi, na kuma kasa jefar da shi.

Har yanzu ina jijjiga kwaɗo, hali ba ya fita da sauƙi. Amma abin da wannan rana ta koya mani shi ne, idan ka tona hanyar da mutane suke bi, ko ka canja mata wuri ko da kamu ɗaya ne, kada ka fara da masu ido, su za su gani da kansu. Ka fara da wanda ƙyalle da rubutu ba za su yi masa amfani ba: makaho, da tsohon da ƙafa ta yi wa nauyi, da mai keken guragu. Ka tare bakin ramin da abin da jiki zai ci karo da shi. Ka faɗa da baki, da ƙarfi, ko barci ake yi a tashi. Idan ba ka samu damar faɗa masa ba, to ka zauna a wurin kada ka motsa. Na yi wa Baba dubawa iri-iri, na kuma yi masa ladabi, amma abin da yake bukata daga gare ni a ranar magana ce guda ɗaya, ita ce kuma ban faɗa ba.